Yadda ake sa wa hotunan duniyar Mars launi ba tare da an yi wa ƙasar ƙarya ba

Mafi yawan hotunan da kumbuna ke ɗauka daga samaniyar duniyar Mars baƙi da fari ne. Kyamarar CTX da ke jikin kumbon Mars Reconnaissance Orbiter, wanda ya isa can a watan Maris na 2006, ta ɗauki kusan dukkan faɗin duniyar, kowane fiksel ɗaya, wato ɗigo ɗaya na hoto, daidai da mita 6 a ƙasa, amma ba ta ganin launi ko kaɗan. Kyamarar HiRISE da ke kumbo ɗaya da ita ta fi ta kaifi nesa ba kusa ba, tana kaiwa santimita 25 zuwa 30, sai dai launinta ɗan siririn layi ne a tsakiyar hoto, kamar kashi ɗaya cikin biyar na faɗinsa. Wannan giɓin ne masu sha'awa ke cikewa a gida, kuma ɗalibi a Yelwa ko Gwallameji mai ƙaramar kwamfuta zai iya.

Ƙa'idar aikin ɗaya ce: haske da inuwa daga hoton baƙi da fari, launi kuma aro ne daga wani hoton da aka auna launinsa a wurin, ko da bai kai na farkon kaifi ba. Dabarar tana ci ne saboda idon ɗan Adam yana kama daki-daki a haske fiye da a launi. Don haka launi mai dishi-dishi, idan ya hau kan hoto mai kaifi, ido ba ya ganin aibu. Manhajojin da ke sa wa tsofaffin hotuna launi da kansu kuwa, a bar su. Da hotunan duniyarmu aka horar da su, sai su zuba kore a gangare, su mai da ƙasan rami tafki.

Kayan aiki

Manhaja biyu sun isa, duk kyauta: QGIS don daidaita taswira, da GIMP daga 2.10 zuwa sama don haɗa launi. Kwamfuta mai RAM gigabayit 8 za ta yi, muddin ba a yi haɗama ba. Fili mai kilomita 30 kowane gefe a ma'aunin CTX fiksel 5,000 ne sau 5,000, wato miliyan 25. Da launi a zurfin bit 16, leya ɗaya kaɗai, wato hoto ɗaya cikin waɗanda ake ɗorawa kan juna, ta kai megabayit 150, ga kuma uku ko huɗu da za a tara. Mai farawa ya yanki kilomita 10 zuwa 15.

Hoton baƙi da fari mafi sauƙin samu yana cikin babbar taswirar CTX da ɗakin bincike na Murray Lab a Caltech ya fitar a 2023, wadda aka ɗinka daga hotuna kusan 110,000 a mita 5 kowane fiksel. An yanka ta gida-gida, kowane digiri 4 sau 4. Digiri ɗaya a Mars kusan kilomita 59 ne, saboda haka gida ɗaya ya haura fiksel 47,000 a kowane gefe, kusan gigabayit 2 idan an buɗe shi. A sauke shi da datar dare ko a intanet na makaranta, batir cike, da manhajar da ke ci gaba daga inda saukarwa ta yanke idan an ɗauke wuta. Ɗanyen hoton CTX daga rumbun PDS na hukumar NASA ma yana nan, amma sai an bi da shi ta manhajar ISIS, daga mroctx2isis zuwa spiceinit, ctxcal, ctxevenodd, sannan cam2map. Wannan aikin wanda hannunsa ya faɗa ne.

Inda za a aro launi

Nan ne aikin ke kyau ko ya lalace. Wanda ya fi dacewa da CTX shi ne na kyamarar HRSC ta kumbon Turai Mars Express, wanda ke zagaye Mars tun Disamba 2003. Tana ɗaukar shuɗi, kore, ja da kuma hasken da ke gaba da ja (infrared), kowanne daban, galibi a kusan mita 50. Wato za a faɗaɗa launin sau takwas zuwa goma, kuma wannan ba ya ɓata komai. A ɗauki waɗanda aka riga aka gyara musu karkatar tudu da kwari, na mataki na 4, domin kowane launi daga kusurwa daban kyamarar ke kallonsa. A ɗanyen hoto, bakin kowane dutse zai fito da ja a gefe guda, shuɗi a ɗaya gefen.

Idan HRSC ba ta rufe wurin da kyau ba, akwai tsohuwar taswirar launi ta kumbunan Viking da hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ke ajiye, mita 232 kowane fiksel. Faɗaɗa ta zuwa ma'aunin CTX ya kai sau arba'in, don haka abin da za ta bayar shi ne launin yanki gaba ɗaya, ba na tudun yashi ɗaya ba.

Wurin gwaji mai kyau shi ne ramin Jezero, mai faɗin kilomita 45, kusa da digiri 18.4 arewa, 77.5 gabas, inda motar Perseverance ta sauka a Fabrairun 2021. Akwai tsohon mashigar kogi a gefensa na yamma, ga hotunan motar daga ƙasa da za a gwada launi da su.

Daidaitawa da haɗawa

A QGIS a fara buɗe hoton CTX domin aikin ya ɗauki tsarin taswirarsa, sannan a shigo da na launi a juya shi zuwa wannan tsarin da Warp. Wajen faɗaɗawa a zaɓi Cubic. Idan aka bar shi a Nearest, launin zai fito murabba'i-murabba'i kamar tayil. A yanke su duka biyu da iyaka ɗaya, a fitar da su da adadin fiksel ɗaya a matsayin TIFF. Idan hotunan sun faɗi a wurare masu nisa da juna, yawanci ɗaya na ƙirga dogon layi, wato digirin gabas da yamma, daga 0 zuwa 360 ne, ɗayan daga 180 yamma zuwa 180 gabas, ko kuma tsohon bayani ne mai ƙirga ta yamma.

A GIMP a mai da hoton CTX zuwa RGB, a ɗaga zurfinsa zuwa bit 16 kafin a taɓa komai. A bit 8 gangare mai laushi yana tsagewa layi-layi da zarar an ja haske. A ɗora na launi a sama, a rage duhunsa (Opacity) zuwa rabi don a ga na ƙasa, a duba ƙananan ramuka a kusurwoyi huɗu. Kusan kullum za a ga bakin rami ya zama biyu, kamar zobe da inuwarsa. Da Handle Transform a kafa maki uku ko huɗu a kan ramuka masu kaifin baki, a ja har zoben ya koma ɗaya. Kada a daidaita da inuwa, domin inuwa tana bin sa'ar da aka ɗauki hoto. Bakin rami ne ba ya motsi.

Sai a ɗan dusasar da leyar launi da Gaussian Blur, kamar rabin adadin faɗaɗawar: an faɗaɗa sau takwas, a ba shi fiksel 4. A mai da duhunsa cikakke, a sauya yanayin leyar zuwa LCh Color. Nan take ƙasar za ta ɗauki launi, kaifinta na nan yadda yake.

Abin da ke ɓaci

Launi ya tsallake bakin dutse ya zuba cikin kwari: daidaitawa ce ba ta zauna ba, a koma kanta, ƙarin dusasarwa ba magani ba ne. Inuwa ta fito shuɗiya ko shunayya: hasken da ke cikin inuwa kaɗan ne, hayaniyar kyamara ta rinjayi launi, ko kuma rana na wani gefen a hoton launi. Kumbon da ke ɗauke da CTX yana wucewa ne wajen ƙarfe uku na yamma a agogon wurin, Mars Express kuwa sa'o'insa na canzawa. A yi abin rufewa (Layer Mask) daga wuraren duhu na hoton CTX, a rage ƙarfin launi a nan. Inuwar Mars ba shuɗiya ba ce, tunda sararin da ke haska ta cike yake da ƙura.

A duba ranar hoton launi ma. Wanda aka ɗauka lokacin guguwar ƙura, irin wadda ta lulluɓe duniyar Mars a tsakiyar 2018, zai shafe komai da launi ɗaya, kamar yadda hazon hunturu ke haɗiye duwatsun da ke kewaye da Bauchi. Ba a gyara irin wannan, sai dai a nemi wani.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ja mai yawa. Ƙurar Mars tsatsar ƙarfe ce, launinta ruwan ƙasa mai ɗan rawaya, ba jan jini ba. Tudun yashi da ake gani shuɗi shar a hotunan HiRISE kuwa toka-toka ne mai duhu, yashin dutsen aman wuta. Shuɗin ya samo asali ne daga miƙa launi, wato ƙara masa ƙarfi fiye da na zahiri, da ake yi don a bambance ma'adinai. HiRISE ba ta da shuɗi tsantsa ma, lissafa shi ake yi daga shuɗi-kore da ja. Jan HRSC shi ma yana wajen nanomita 750, a iyakar abin da ido ke gani, shi ya sa yake fitowa da zafi, a rage shi kaɗan. Wanda ya zaɓi miƙa launi don ɗalibin ilimin duwatsu a jami'ar ATBU ta Bauchi ya ga bambancin shimfiɗun ƙasa bai yi laifi ba, amma ya rubuta hakan a ƙarƙashin hoton.

Idan ramuka sun koma kamar tuddai, ba launi ba ne, ido ne ya saba haske ya zo daga sama. A juya hoton har inuwa ta faɗo ƙasa, a nuna inda arewa take. Gyaran launi na ƙarshe a yi shi cikin ɗaki mai inuwa, an kashe yanayin dare na allo mai sa rawaya, a kuma duba a waya biyu daban.

A adana aikin a XCF da leyoyinsa, a fitar da PNG. A WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba matsewa za ta cinye ƙananan ramukan. Ƙarƙashin hoton a rubuta sunan wuri, ma'aunin fiksel, inda launi ya fito da ko an miƙa shi, sai masu hakki: NASA/JPL-Caltech/MSSS na CTX, ESA/DLR/FU Berlin na HRSC. Lasisin hotunan HRSC da hukumar sararin samaniya ta Turai, ESA, ke wallafawa CC BY-SA ne, wato wanda ya gina a kansu zai saki nasa da sharaɗi iri ɗaya.