Yadda za ka fita da madam shan iska a bakin ruwan Jidda lokacin zafi

Maganar nan da ku nake maza, musamman 'yan uwanmu mazauna Jidda da Makka, daga shagala (wato wurin aiki) sai gida daga gida sai shagala, baiwar Allah tana ɗaki ita da AC wata da watanni alhali ga Bahar Maliya nan kusa da ku. Wallahi abin yana damuna. Kurnish, wato bakin tekun da aka gyara don shan iska, kyauta ne ba a biyan ko riyal ɗaya, tsari kawai fitar take so.

Fara da lokaci. Zafin Jidda daga Yuni zuwa Satumba ba irin na Makka ba ne mai ƙuna, nan gumi ne, kana fitowa daga mota tabarau ɗinka zai yi hazo riga ta manne a baya, don haka kar ka fito da 'yar mutane da rana tsaka. Magariba tana kaiwa wajen ƙarfe 7 a wannan lokacin, ku bar gida wajen 6. Kuma in da hali ka guji daren Alhamis da na Juma'a, tunda hutu Juma'a da Asabar ne kowa can yake nufa, sai ka ƙare daren kana zagaye neman wajen fakin ita kuma ranta ya gama ɓaci. Litinin ko Talata sun fi. Na Makka ga jirgin ƙasa na Haramain da ya fara aiki a 2018, kamar rabin awa kun iso, sai ku kira Careem ko Uber.

Yara dai a roƙi 'yar uwa ko maƙwabciya ta riƙe su, dan Allah, nasu fitar daban.

Ku ɗauki shimfiɗa, filas na shayi, ruwa mai sanyi, igama (katin izinin zama) a aljihu. Hajiya a saka abaya mara nauyi da takalmi flat don akwai tafiya.

Ku fara da Masallacin Rahma a arewacin kurnish, wanda aka gina a 1985 a kan ginshiƙai cikin ruwa, in teku ta cika sai ka ga kamar yana shawagi. Jidda yamma take kallo, rana cikin ruwan take faɗawa a gaban idonku, ana kiran salla sai ku juya wa teku baya ku fuskanci gabas inda Makka take. Akwai ɓangaren mata, ku yi alkawarin inda za ku haɗu bayan sallama.

To nan ne maza da yawa suke ɓata abin. An idar da salla sai ka ga mutum ya hau sauri, mu je can mu je nan, ko ya zauna ya duƙufa a WhatsApp yana amsa saƙon kafil, wato ubangidan da yake aiki ƙarƙashinsa. Haba Alhaji. Nemi wuri a kan ciyawa inda iska ke bugowa, ka yi shimfiɗar da kanka, ka zuba mata shayi da hannunka, waya ta koma aljihu. Ka tambaye ta Umma ya jikinta a gida, me take kewa, me take so a yi bana in an samu sarari, kuma in ta fara magana ka bari ta kai aya. Maganar kuɗin haya da sabunta igama a bar ta sai gobe. Matar da ta baro danginta a Kano ko Damagaram ta biyo ka nan, wannan zaman shi take nema, ya fi mata duk abin da za ka saya. Hoto ku ɗauki naku ku biyu, amma kar kyamara ta kama iyalan mutane, tun 2019 akwai tara a kan ɗaukar mutum hoto ba izininsa.

Bayan isha'i sai ku gangara kudu wajen unguwar Hamra ku ga famfon Sarki Fahad, tun 1985 yake feso ruwan teku sama kusan mita 300, babu irinsa a duniya wajen tsayi, da dare da fitilu ya fi kyau.

Abinci kuwa ita za ta zaɓa, kar ka yanke mata. In aljihu da nauyi a ci kifi najil ko hamur da shinkafar sayadiya, in kuwa ƙarshen wata ne Albaik, gidan soyayyen kajin nan, ma ba abin kunya ba ne, ɗan Jidda ne tun 1974, sai dai layi. Ko ku nemi siriya, tsiren nan namu da ƙuli da yaji wanda kakanninmu suka kawo Hijaz har Larabawa suka riƙe shi, a naɗo muku ku koma kan shimfiɗa ku ci da zafinsa.

Balad, tsohon garin nan mai tagogin katako da UNESCO ta saka a jerinta a 2014, kar ku cusa shi a wannan daren, lungunansa iska ba ta ratsawa sosai lokacin zafi kuma yawon ƙafa ne mai yawa. Ku ajiye shi sai Disamba ko Janairu in gari ya yi sanyi. Kafin ku tashi a kwashe leda da kofuna a zuba a shara, sannan a biya a saya wa wadda ta riƙe yara ɗan wani abu.