Matakan Kawar da Gargaɗin GCC a Direban Katin Sadarwa na Linux

Da farko, sauko da sabon reshen net-next, wato reshen lambobin Linux da ake tara sababbin sauye-sauyen sashen sadarwa a ciki, domin sau da yawa wani ya riga ka gyara abin da ka hango. Shirya saiti da `make allmodconfig`, sannan ka gina sashen da ke gabanka kaɗai, misali `make W=1 drivers/net/ethernet/realtek/` (`W=1` yana kunna ƙarin gargaɗi), ka adana gargaɗin a fayil.

Bayan haka, karanta kowane gargaɗi tare da layukan da ke kewaye da shi. Idan GCC, wato manhajar da ke gina lambobin, ya ce an zuba ƙima a wani ma'aji (variable) amma ba a yi amfani da ita ba, kada ka yi gaggawar goge layin gaba ɗaya. A wasu katunan, karanta rajistar katin (register) da `readl()` shi ne ke share alamar katsewa (interrupt), saboda haka cire ma'ajin kawai, ka bar karatun. Wannan ne wurin da sababbi suka fi yin ɓarna. Gargaɗin da ke fitowa wajen buga ƙimar `size_t` kuwa mai sauƙi ne: sanya `%zu` a tsarin bugawar.

Daga nan sake ginawa da GCC da kuma Clang, wata manhajar gini irin GCC, ka gwada a kan katin idan kana da shi. A ƙarshe, ware kowane gyara daban, tace shi da `scripts/checkpatch.pl`, ka nemo masu kula da direban ta `scripts/get_maintainer.pl`.