Yadda na tara shaidar cewa ni da mijina ba mu daina magana ba

Ranar da na zauna haɗa takardun bizar zuwa wurin mijina a Ostiraliya, abin da na raina shi ne ya fi ba ni wahala. Takardar aure tana nan, fasfo yana nan, hotunan biki sun fi ɗari. Sai na iso wurin da ake so mu nuna cewa muna tuntuɓar juna tun da ya koma Brisbane ya bar ni. Har dariya na yi, don a sanina ba a yi ranar da ba mu yi magana ba. Da na buɗe wayata sai dariyar ta tsaya. Wayar watanta 5 kacal a hannuna, tsohuwar ta faɗa ruwa ta tafi da hirar wata 8. Abin da ya rage kuma fiye da rabinsa saƙon murya ne. Sunan da na ajiye lambarsa da shi kuwa, ni kaɗai na san wa nake nufi.

Bizar da na nema ita ce mai lamba 309, wadda ake nema daga wajen ƙasar, daga baya ta zama ta dindindin mai lamba 100. Wanda yake cikin Ostiraliya 820 yake nema, sannan 801. Ko wacce ce, Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta ƙasar tana auna zamanku da ma'auni huɗu da ke cikin ƙa'idojin shige da fice na 1994: yadda kuke tafiyar da kuɗi, yadda kuke tafiyar da gida, yadda jama'a suka san ku a matsayin miji da mata, da kuma yadda kuka riƙi juna. Ga waɗanda ba sa gida ɗaya, babu takardar haya mai sunan mutum biyu, babu takardar kuɗin wuta. Nauyin sai ya koma kan na huɗun, kuma a nan ne shaidar tuntuɓar juna take shiga.

Kuskurena na farko shi ne zaton cewa yawa ake nema. Na so in kwashe hirar gaba ɗaya in jibga musu. WhatsApp yana ba da damar fitar da hira zuwa fayil na rubutu, har saƙo 40,000 na baya-bayan nan idan ba a haɗa da hotuna da murya ba, ko 10,000 idan an haɗa. Na fitar, na buɗe a kwamfuta, ni kaina da na rubuta rabin abin ban iya wuce shafi na 6 ba. To ina ga jami'in da bai san mu ba, ga tarin fayilolin wasu suna jiransa? Ban da haka ma, ImmiAccount, shafin da ake ɗora takardun, yana da iyaka: takarda 100 ga mai neman wannan bizar, kowace kada ta wuce megabait 5. Fasfo da takardar aure da takardar 'yan sanda da sauransu duk cikin ɗarin nan za su ci.

Abin da jami'in yake son gani shi ne zare wanda bai tsinke ba. Yana so ya duba Janairu ya gan ku, ya duba Mayu ya gan ku, ya duba Oktoba ya gan ku. Saƙo 3,000 na mako biyu kafin a shigar da takarda bai kai saƙo 3 a kowane wata na tsawon shekara ba. Wancan ma yana iya jawo tambaya: me ya sa hira ta ɓarke daidai lokacin neman biza?

Ga yadda na yi. Na buɗe folda a kwamfuta, a cikinta na yi wa kowane wata tasa foldar, tun daga watan da ya tafi. A kowace na zuba hoton allon waya guda 2 ko 3 na hirarmu, da guda 1 na jerin kira. Sharaɗina ɗaya ne: dole kwanan wata ya fito a hoton. A WhatsApp kwanan watan yana bayyana a sama ne idan ana jan hirar, yana kuma saurin ɓacewa, sai na koyi ɗaukar hoton da yatsana yana kan allo. Da na gama, na jera su a takarda ɗaya bi da bi, hoto 4 a shafi, ƙarƙashin kowanne layi guda na bayani, na mayar da ita PDF. Wata 6 a fayil ɗaya. Sunan fayil ɗin ma na rubuta shi yadda wanda bai buɗe ba zai san abin da ke ciki da watannin da ya ƙunsa.

Wajen zaɓen saƙonnin ne na fi daɗewa, kuma nan ne nake ganin mutane suna yin kuskure. Hannu yakan tafi kan kalaman soyayya, don su ne muke ganin sun fi nuna ƙauna. Amma "ina kewarki" kowa zai iya rubuta wa kowa. Abin da ba a iya ƙirƙira da sauƙi shi ne maganar yau da kullum: ranar da yake tambayata abin da likita ya ce game da ciwon ƙafar mahaifiyata, ranar da ya turo hotunan gidaje biyu yana cewa in zaɓi wanda za mu kama, gardamar da muka yi kan ko in ƙarasa karatuna kafin in taho ko in bari sai can. Har wani ɗan saɓani na saka, wanda muka shirya washegari. Maigidan bai so ba, ya ce me zai sa mu nuna wa baƙo wannan. Na ce masa auren da babu saɓani a cikinsa tsawon shekara ni ma ba zan yarda da shi ba. Abin da ya shafi sirrinmu kuwa ban saka ba, babu wanda ya nema, kuma babu dalilin da zai sa wani ya karanta.

Batun suna kuma, kada ku goge sunan da kuke kiran juna da shi don biza. Ku buɗe shafin bayanin lambar, inda suna da lamba suke fitowa tare, ku ɗauki hotonsa ku sa a shafin farko. Shi ma ya yi haka daga tasa wayar. Idan da takardar kamfanin waya mai ɗauke da sunansa da wannan lambar, ku haɗa. Da haka an ɗaure sunan da mutumin. Idan ɗayanku ya taɓa sauya lamba, ku rubuta lambobin biyu da watan da aka sauya.

Jerin kira shi ne abin da ya fi saurin salwanta, don waya ba ta riƙe shi har abada, sababbi suna ture tsofaffi. Ku riƙa ɗaukar hotonsa a ƙarshen kowane wata, ku taɓa kira ɗaya ko biyu don tsawon mintocin ya fito. Kuma yau ɗin nan, kafin ku gama karanta wannan, ku duba ko saƙonni masu ɓacewa suna kunne a hirarku. Akwai na awa 24, na kwana 7, da na kwana 90, kuma na ƙarshen ne mugu, don mutum ba ya lura sai ya koma neman hirar bara ya tarar da fili. Wani ƙaramin abu da na ƙara: tsakaninmu akwai tazarar awa 9, kuma jihar Queensland, inda Brisbane take, ba ta sauya agogo da rani kamar yadda Sydney da Melbourne suke yi, saboda haka kiranmu kusan kullum a lokaci ɗaya yake faɗawa, ni da rana, shi da dare bayan ya taso aiki. Na rubuta wannan a layi ɗaya, don wanda ya ga jerin ya gane dalilin tsarin.

Saƙon murya kuwa sai haƙuri. A fayil ɗin da aka fitar ba ya zama komai sai alamar cewa an cire wani abu. A hoton allo dai yana nuna rana da lokaci da tsawon daƙiƙoƙi, wannan ma shaida ce ta cewa an yi magana, na kuma saka kaɗan. Amma daga ranar na roƙi maigidan mu riƙa rubuta muhimman abubuwa ko da mun riga mun faɗe su da baki.

Sai fassara. Hirarmu da Hausa take, kuma duk takardar da ba da Turanci take ba sai an haɗa ta da fassara. Idan a cikin Ostiraliya za a yi, mai fassarar ya kasance yana da shaidar NAATI, hukumar da ke tantance masu fassara a ƙasar. Idan a waje ne ba dole sai NAATI ba, amma sai ya rubuta cikakken sunansa, adireshinsa, lambar wayarsa, da bayanin karatunsa da ƙwarewarsa a harshen. Wannan ma wani dalili ne na taƙaitawa, don mai fassara da yawan aiki yake caji. Ku fara zaɓa, sannan ku kai masa.

Wata 8 ɗin da suka tafi da tsohuwar wayata fa? Allah ya taimaka hirar tana nan a wayarsa, daga can muka ɗauko. Wannan shi ne abu na farko da za ku tuna idan taku ta ɓace: hira mutum biyu ne suke da ita. Amma akwai mako 5 da babu komai a ko'ina, lokacin da aikinsa ya kai shi wurin da sabis ba ya kamawa sosai, ni kuma ba ni da waya. Ban ɓoye ba. A takardar tarihin zamanmu, wadda kowannenmu yake rubuta tasa da bakinsa, dama ana so a yi bayanin lokutan da aka yi nesa da juna. Na faɗi ranakun, na faɗi dalili, na haɗa da rasit na sabuwar wayar da kira biyu da ya yi mini ta wayar ƙanwata. Wata ƙawata ta ba ni shawarar mu mayar da kwanan watan waya baya mu rubuta hirar da za ta cike gurbin. Ban ko saurara ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma dokarsu tana da sharaɗi mai lamba 4020 da ya shafi takardar bogi da bayanin yaudara: ana iya hana bizar, a kuma rufe wa mutum ƙofa har shekara 3. Gurbin mako 5 bai kai wannan ba.

Kada kuma ku tsaya a kan waya kaɗai. Rasit na kuɗin da ya turo, mai sunansa da nawa da kwanan wata, ya shiga ma'auni biyu a lokaci guda. Zuwan da ya yi hutu ya fi hira dubu nauyi: tikiti, takardar shiga jirgi, tambarin shiga da fita a fasfonsa, da hotuna 4 ko 5 da muke tare da dangi, ba mu biyu kawai ba. Takardar aika kaya, imel, gayyatar da aka rubuta sunayenmu tare, zauren hirar dangi da muke ciki mu duka, kowanne na ɗauki ɗaya ko biyu. Sai fom 888, wanda mutanen da suka san ku, masu shekara 18 zuwa sama, suke cikewa su faɗi abin da suka sani game da aurenku. Ku roƙe su su rubuta abin da suka gani da idonsu. Abokin zamansa ya rubuta cewa kusan kowane dare yana jin sa yana waya da ni a baranda, har ya san muryata kafin ya ga hotona.

Shigar da takarda bai sa na rufe foldar ba. Jira yana da tsawo, ana iya ƙara shaida a ImmiAccount a tsakani, shi ya sa na bar gurbi cikin ɗarin nan ban cinye duka ba. Kuma bayan shekara 2 da shigar da takardar farko za su sake dubawa kafin su ba da ta dindindin. A wayata akwai ƙararrawa da ke bugawa ranar 28 ga kowane wata, ban taɓa kashe ta ba. Aikin bai fi minti 10 ba: hoto 3 na hira, 1 na kira, rasit idan akwai, in tura kwafi zuwa imel ɗinsa don kada ruwa ya sake cin mu.