Yadda Ake Zaɓen Kurar Taya Don Matsar Da Motar Da Ake Gyarawa A Garejin Gida

Motar da aka kwance injinta, ko aka cire mata birki, takan shafe watanni a wuri ɗaya, kuma duk ranar da aka so matsar da ita jikin bango don samun fili sai an sha wahala, domin tayoyinta gaba da baya kawai suka sani. Maganin wannan shi ne kurar taya, wato faranti na ƙarfe mai ƙananan ƙafafu huɗu masu juyawa, wanda ake sawa a ƙarƙashin kowace taya, ta yadda mutum ɗaya ko biyu za su iya tura motar gefe ko su juya ta a inda take.

Iri biyu ne suka fi yawa. Na farko faranti ne mai ɗan zurfi a tsakiya, wanda sai an ɗaga motar da jak kafin a zura shi. Ya fi araha, ba shi da abin lalacewa, kuma ya dace da motar da za ta daɗe a kansa. Na biyu yana da sanduna biyu masu murginawa da ke matse tayar daga gaba da baya idan ana taka feda, har su ɗaga ta daga ƙasa ba tare da jak ba. Wasu da matsin mai suke aiki, wasu kuma, irin su samfurin GoJak, da haƙoran ƙarfe. Wannan ya fi dacewa da mai sauya wa motoci wuri a kai a kai, sai dai yana da tsada, kuma mai aiki da mai yakan fara yoyo idan ya tsufa.

Wajen lissafin nauyi ne mutane suka fi yin kuskure, domin sukan raba nauyin motar gida huɗu su tsaya a nan. Motar da injinta ke gaba takan ɗora kusan kashi 55 zuwa 60 cikin ɗari na nauyinta a kan tayoyin gaba. Idan nauyinta kilo 1,600 ne, kowace tayar gaba na iya ɗaukar kilo 480, wanda ya zarce ƙarfin kurar da aka rubuta mata laba 1,000, wato kimanin kilo 454. Ga irin wannan mota, a nemi mai laba 1,500, kimanin kilo 680. A kuma karanta rubutun da kyau, domin wani lokaci adadin da aka buga na kura biyu ne a haɗe.

A ganina, ƙafafun sun fi wannan adadi muhimmanci, kuma a nan ne masu ƙera na araha suke rage kuɗi. Mota a kan kura huɗu tana tsaye ne a kan ƙafafu 16, kuma kafin ta motsa dole dukkansu su juya su fuskanci inda ake turawa. Idan wurin juyawar ba shi da boris mai kyau, ko ya bushe babu giris, to ƙarti uku ma sai sun yi gumi. Ƙafa mai tsayin inci 4 tana tsallake tsagewar siminti da ƙananan tsakuwa fiye da mai inci 3, wadda ko ɗan noti da ya faɗi ƙasa yana iya tsayar da ita cak. Ƙafar ƙarfe tana gudu da sauƙi a kan siminti mai santsi, kuma ba ta lotsewa ko da ta shekara ɗauke da kaya, amma tana kankare fentin daɓe. Ƙafar roba mai tauri tana kare daɓen, sai dai mai arha takan lotse idan nauyi ya daɗe a kanta. Don haka a fara duba daɓen garejin kafin a duba kasuwa.

A auna faɗin tayar a kwatanta da faɗin farantin, musamman idan an sa wa motar manyan tayoyi. Idan kuma babu tayoyin kwata-kwata, akwai kurar da ake ɗaurawa a jikin firam, ita ya kamata a nema.

Yawancin gareji ana yi musu ɗan gangara zuwa ƙofa saboda ruwa, kuma birkin hannu ba ya da wani amfani da zarar motar ta hau kura. Saboda haka a zaɓi wadda aƙalla ƙafafunta biyu suke da makulli, a kuma tanadi weji. A share ƙasa kafin turawa, a dafa wuri mai ƙwari kamar ginshiƙin ƙofa maimakon tsakiyar bodi da zai iya lotsewa. Kada kuma a shiga ƙarƙashin motar tana kan kura. Idan aikin ƙasa ya taso, a sauke ta a ɗora ta a kan madogaran ƙarfe.