Yadda muka tsayar da zubewar gashi bayan fara allurar rage ƙiba

Matan da ke yin allurar Ozempic, Wegovy ko Mounjaro a unguwannin Nima da Mamobi na Accra suna yawan kawo kukan gashi na cika matsefi, galibi wata 2 zuwa 3 bayan jiki ya fara zabgewa. Mun duba, mafi yawan laifin na saurin ramewa ne da ƙarancin abinci. Allurar tana kashe sha'awar ci, sai jiki ya tura gashi da yawa hutu lokaci guda, daga baya ya zube.

Da gwajin jini muka fara: feritin (ma'ajiyar ƙarfen jini), tayiroid (ƙullin da ke wuya mai sarrafa ƙarfin jiki) da bitamin D. A daina shan biyotin (bitamin ɗin da ake sha don gashi) aƙalla kwana 2 kafin gwaji, domin yana ɓata sakamakon tayiroid.

Abinci ne babban aiki. Mai kilo 80 ta nemi furotin (sinadarin gina jiki) kusan giram 90 a rana, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kacal. Koko kaɗai da safe ba zai kai ba, Hajiya. A haɗa da ƙosai ko ƙwai, da rana wake da kifi, da dare miyar kontomire da wagashi. A fara cin naman kafin tuwo, tunda ciki na saurin cika. Shayi na hana jiki zuƙar ƙarfe, a ba shi tazarar awa ɗaya daga abinci.

In ramewa ta wuce kilo ɗaya a mako, likita ne zai daidaita allurar, kada a yanke ta da ka. Kitso mai tsauri da rilaksa a jingine su. Zubewar takan lafa cikin wata 3 zuwa 6. Idan kuwa fili ne zagayayye a kai, a ga likitan fata a asibitin Korle Bu.