Yadda zaka tsara tuƙi da wurin kwana in zaka Yamai da motarka

Ƙanena ne a nan gefen Gumel ya sayi tsohuwar Hiace ya cire kujerun baya ya shimfiɗa katifa, ya zuba risho da jarkokin ruwa, wai shi irin motar nan ta Turawa mai ɗaki a ciki yake so, wadda suke yawon ƙasashe da ita suna kwana a ciki. Yazo min da waya a hannu yace Yaya duba taswira, daga Damagaram zuwa Yamai ai wuni ɗaya ne. Nace masa to ita wayar taka bata taɓa tsayawa gaban jandarma ba, bata sallah, bata shan shayi, kuma tayarta bata faci.

Abu na farko, da wurin kwana ake fara lissafi ba da kilomita ba. Ka ɗauki takarda ka rubuta garuruwan da zaka iya kwana hankalinka kwance, sannan ka yanka tafiyar a tsakaninsu. Daga Damagaram zuwa Yamai wajen kilomita 890 ne a kan babbar hanyar da ta bi ta Tasawa, Maraɗi, Madawa, Galmi, Ƙonni, Dogon Dutse da Dosso. Ni a lissafina mota mai kaya irin wannan kilomita 55 zuwa 60 nake bata a awa, ba wai bata gudu bane, a'a, in ka haɗa shingen jami'ai da wurin biyan kuɗin hanya da amalanken jaki da shanun da zasu tsallaka titi a nutse kamar na gidansu, can zaka dawo. Kaga kenan awa 15 ko fiye na tuƙi zalla, wanda yace maka wuni ɗaya ne to direbobi biyu ne suke karɓa-karɓa a babbar bas.

Ranar farko kar ka ɗora mata buri. Daga gida ta Babura ka faɗa Magarya ka shiga Damagaram, a ido ba nisa amma boda ita ke cin lokaci, wata rana minti talatin wata rana sai ka ci abincin rana a wurin. Fasfo, lasin, takardun mota, inshora da katin allurar rigakafin shawara duk ka haɗa su a leda ɗaya kusa da hannu, ka canji sefa tun daga gida. Tunda Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025 gara ka je tasha ka tambayi direban da ya dawo a satin nan me ake nema yanzu da kuma lafiyar hanya, labarin bara baya aiki. In ta Maigatari zaka bi kar ka sa tafiyar ranar Alhamis, ranar kasuwa ce, tsakanin motocin dabbobi da jama'a sai ka rasa inda zaka sa hancin mota.

Rana ta biyu ita ce mai nauyi. Damagaram zuwa Maraɗi wajen kilomita 235, Maraɗi zuwa Ƙonni shima kusan haka, in da mata da yara a motar wlh ka kwana Maraɗi kawai ka ƙara kwana ɗaya a lissafi, ba gasa ake ba. Rana ta ƙarshe Ƙonni zuwa Yamai wajen 420.

Ga abin da wayar bazata faɗa maka ba, yamma ka dosa. Da safe rana tana bayanka tuƙi daɗi, amma daga la'asar sakaliya tana saukowa daidai gilashin gaba, in lokacin hunturu ne ga hazo ga ƙura a gilashi, mai babur yana gabanka baka ganinsa. Shi yasa nake cewa ana sallame asuba ka tada mota, kafin rana ta take ka ci rabin hanya, a bazara ka nemi inuwa tsakanin azahar da la'asar kai ka huta lagireto da tayoyi su huce, ƙarfe biyar ta same ka a inda zaka kwana. A Turai doka ce direban babbar mota baya wuce awa 9 a rana sai ɗan ƙarin da aka ƙayyade, kuma bayan awa huɗu da rabi dole ya huta minti 45, su da titinsu sumul kenan. Kai ka tsaya a awa 7 ko 8. Ko ka yi ƙasaru ka haɗa salloli ka riƙa sauka duk bayan awa biyu kana zagaya mota kana taɓa taya.

Wurin kwana kuwa kar daɗin fili ya ja ka ka faka a daji. Tasha, gidan mai mai maigadi, ko ƙofar gidan wani da aka haɗa ka dashi tun daga gida. Ka isa da sauran haske ka yi sallama, Baba maigadi baƙi ne mu daga Jigawa zamu kwana a mota, ka ɗan yi masa ihsani, ka juya gaban motar ya kalli hanyar fita. Girki a waje, kar ka kuskura ka kunna risho ko gawayi a cikin mota a rufe don jin ɗumi, hayaƙin da baka gani shi ke kashe mutum a barci. Ka bar ƙofa kaɗan a gilashi ka ɗaura gidan sauro.

Kowace rana ka riƙe garin kwana biyu, na niyya da na ko-ta-kwana wanda yake awa ɗaya ko biyu kafin shi. Mun taɓa niyyar Ƙonni, taya ta fashe bayan Maraɗi safayar ma ashe ba iska, kafin mu samu mai faci la'asar ta wuce, Baffa yace a ƙarasa ai saura kaɗan, nace Baffa a yi haƙuri yau Madawa zamu kwana. Da safe muka tsaya Galmi ya cika mana bayan mota da albasa har kan katifar.