Yadda Za Ka Tsira Daga Mai Wuƙa a Titi: Darasin Ƙafa 21

A 1983, wani sajan ɗan sanda mai koyar da harbi a birnin Salt Lake City na jihar Utah a Amurka, Dennis Tueller, ya so ya san nisan da ya kamata ya kasance tsakanin ɗan sanda da mutumin da ya zare wuƙa. Ya sa aka auna da agogo. Sai ya tarar lafiyayyen mutum yana cinye tazarar ƙafa 21, wato mita 6 da 'yan kai, cikin kusan daƙiƙa ɗaya da rabi. Kusan lokacin ke nan da horarren ɗan sanda yake buƙata ya zaro bindiga daga ƙugu ya harba. Kunnen doki suka yi, kuma kunnen doki da mai wuƙa asara ce, domin harsashi ba lallai ya tsayar da shi nan take ba.

Idan wannan ne halin mai bindiga da horo, ya kake gani ga wanda ya fito daga shago bayan magariba a Kano ko Kaduna, kansa a sunkuye yana duba saƙo? Masu ƙwacen waya sun raunata mutane da yawa a garuruwanmu, wasu ma sun rasa rayukansu a kan wayar da ba ta kai kuɗin buhun shinkafa biyu ba. Matakan da ke tafe daga horon 'yan sanda aka ɗauko su, kuma babu wanda yake buƙatar makami a cikinsu.

Fara da farkar da hankalinka

Jeff Cooper, tsohon hafsan sojan ƙundunbala na ruwa na Amurka wanda ya kafa makarantar harbi a Arizona a 1976, ya kasa yanayin hankalin mutum gida huɗu, ya ba kowanne launi. Fari shi ne wanda jikinsa ke titi, hankalinsa na wani wuri. Rawaya shi ne wanda ke tafiya a natse amma ya san wa ke gabansa, wa ke bayansa. Ruwan goro shi ne lokacin da wani mutum takamaimai ya ja hankalinka, har ka ƙudurta a zuci: in ya tsallako wajena, shagon nan zan faɗa. Ja kuwa, abin ya riga ya zo, sai aiwatar da abin da ka ƙudurta.

Da zarar ka bar ƙofar gida, ka zauna a rawaya. Ba zargin kowa ake nufi ba, ba kuma waige-waige irin na marar gaskiya ba. Ka ga yadda direban da ya ƙware yake tuƙi: yana hira, yana dariya, amma idonsa na kai wa madubi ziyara a kai a kai. Haka ake so. A aikace, waya ta koma aljihu, abin sauraro ya fita daga kunne. In kira ya zama dole, ka shiga shago ko ka jingina da bango yadda ba mai zuwa maka ta baya. A adaidaita sahu kada ka riƙe waya ta gefen titi, kuma in ka tare shi da dare ka ga fasinjojin ciki suna matsa maka ka shiga tsakiya, ka ce a wuce.

Ni kaina a fari nake ranar da aka karɓe wayata. Da na zauna daga baya ina tariyar abin, sai na tuna na ga yaran biyu sun wuce ni, sun kuma dawo. Idona ya gani sarai, hankalina ne bai karɓa ba.

Hannu za ka duba

Abu na farko da ake cusa wa kurtun ɗan sanda shi ne ya ga hannun mutum. Fuska na iya murmushi, baki na iya sallama, amma wuƙa a hannu take. Ka lura da wanda hannunsa ɗaya ya maƙale a cikin riga ko bayan cinya yana tahowa, ɗaya hannun na lilo shi kaɗai. Ka lura da wanda ke yawan taɓa ƙugunsa kamar mai tabbatar da ajiya. Sai mutum biyu da ke tare suka rabu da ganinka, ɗaya ya nufo gaba ɗaya ya zagaya. Sai kuma tambayar da ake yi don a matso: “Malam, ƙarfe nawa?” ko “Don Allah ara mini waya in yi kira.” Amsa ba laifi ba ce, amma ka amsa ƙafarka na tafiya, kada ka tsaya, kada ka zaro waya don duba lokaci.

Mu mutane ne masu kunya, kuma ɓarawo ya san haka. Mutum ya gwammace a cuce shi da a ce ya yi wa baƙo wulaƙanci. Ka ajiye wannan kunyar. In ka tsallaka titi don gudun wani, ya zamana mutumin kirki ne, babu abin da ka rage shi da shi.

Nemi tazara, nemi shinge

Nan ne darasin Tueller yake da amfani, kuma nan ne aka fi yi masa gurguwar fahimta. Wasu sun ɗauka doka ce ta cewa a harbi duk mai wuƙar da ya shigo ƙafa 21. Abin da gwajin ya nuna shi ne tsayawa wuri ɗaya halaka ne. A ga haɗari da wuri, a motsa, a sa wani abu a tsakani.

Kada ka ja da baya kai tsaye. Mai gudu gaba ya fi mai ja da baya sauri, ga kwata, ga dutse, kana faɗuwa ya same ka. Ka kauce gefe, yadda dole sai ya karya kwana. Ka sa mota a tsakaninku, ko teburin mai shayi, ko babur da aka kafe, ko turken lantarki. Kowane zagaye da zai yi daƙiƙa ce ka samu. Sannan ka nufi haske da jama'a: gidan mai, masallaci, majalisar unguwa. Kada ka yanki lungu don ya fi kusa da gida. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, kuma takalmin da za ka iya gudu da shi yana cikin shiri. 'Yar'uwa mai jaka, ki rataya ta yadda za ki iya sakinta nan take. Jakar da aka fizga daga kan babur tana jan mai ita ƙasa.

In an riga an ritsa ka

Ba shi wayar. Na san maganar tana da ɗaci, musamman ga saurayi mai jini a jika, amma ban da wata shawara da ta fi ta. Buɗe tafukanka ya gan su, ka faɗa masa abin da za ka yi kafin ka yi: “Tana aljihu, bari in ɗauko.” Ka ɗauko a hankali, ka miƙa daga nesa ko ka ajiye ta gefe, kana ganin hankalinsa ya koma kanta, ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ban da zagi, ban da “na gane ka”, ban da binsa. Da wuya ya zo shi kaɗai.

Ka san kuma abin da jikinka zai yi maka. Tsoro na sakin wani sinadari a jini da ke sa zuciya bugu da sauri, yatsu su ƙi aikin da ke son natsuwa, gani ya tsuke kan wuƙar kaɗai har ba ka ganin na biyun. Maganin da sojoji da 'yan sanda ke amfani da shi numfashi ne: ja iska kana ƙirga huɗu, riƙe huɗu, saki huɗu, dakata huɗu. Sai wanda ya saba yi a zaune yake tuna shi a tsaye.

Wuri ɗaya ne ba a sallamawa: in ya ce ka shiga mota, ko ka bi shi kango, ko ya kai sara bayan ka ba shi. A nan ba dukiya yake nema ba. Ka yi ihu iya ƙarfinka, ka tare da jaka, kujera ko sanda, ka kare wuya da ƙirji, ka nemi kafar gudu. Doka na bayanka: sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 da dokar hukunta laifuka ta Arewa, wato Final Kod, sun amince da kare kai. Sai dai ƙarfin ya tsaya iya abin da zai kawar da haɗarin. Wanda ya juya yana gudu, ko jama'a suka riga suka kama, dukansa har lahira kisa ne, kuma an sha hallaka marasa laifi da ihun “ɓarawo”. A miƙa shi ga 'yan sanda.

Bayan an rabu

Shafa jikinka ka duba hannunka. Mutane da yawa da aka soka sun ɗauka naushi ne sai da suka ga jini. In akwai rauni, danna shi da tsabtataccen ƙyalle da ƙarfi, kada ka ɗaga don leƙawa. In ya jiƙe, ɗora wani a kai. In wuƙar na jiki, kada a zare ta, a tallafe ta a tafi asibiti. Ban da zuba ƙasa, toka ko man birki. Lambar gaggawa a Najeriya ita ce 112, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa.

Daga nan ka ari waya ka rufe asusun banki kafin komai, domin yanzu layin suke so fiye da wayar. Sai ka rufe layin, ka kai rahoto caji ofis. Za su tambayi lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, mai alƙaluma 15. Danna *#06# yau ɗin nan ka rubuta ta a takarda, ka kuma sa wa layinka lambar sirri.

Saura gwaji. Ka samu fili a tsakar gida, ka auna ƙafa 21, kusan taku takwas ke nan. Sa tsohuwar farar riga, ka ba ƙaninka guntun gawayi, ya taso maka da gudu lokacin da ya ga dama. Karo na farko ka tsaya kana duba waya. Na biyu ka kalle shi amma ka ja da baya. Na uku ka ajiye benci a gefe, ka kauce ka zagaya bayansa. Bayan kowane karo ka cire rigar ka ƙirga zanen gawayin.